Taƙi Guda a Alƙahira

Ranar da abin ya faru mu bakwai ne a wurin, idan an haɗa da wanda ba shi da rai. Akwai ni, Hajiya Ladi, matar marigayi Malam Buba magini, haifaffiyar Katagum mazauniyar Azare. Akwai 'yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, Dakta nake ce mata yadda kowa yake cewa. Akwai jaririyarta Ummi, takwarata, wata biyar da haihuwa. Akwai Hajja Amna, maƙwabciyarmu 'yar Sudan. Akwai malamar su Dakta, wata Balarabiya mai furfura da ake kira Dakta Samira, da ma'aikacinta Magdi, dogo mai sanƙo. Na bakwai shi ne mutumin roba da ke kwance a gado, wanda suke koyon aiki a kansa. A Alƙahira ne, ranar Talata da hantsi.

Ni ban yi boko ba. Bakin nawa ne, hannun da ya rubuta na wani ne, kuma na sa an karanta mini sau biyu don kar a gyara mini zance.

Ga abin da ya kai mu. An kawo wata na'ura asibitin da Dakta ke aiki a Azare. Ana zira wa mai ciwon zuciya siririyar roba ta jijiyar wuya har ta shiga cikin zuciyar, sai na'urar ta riƙa zana layi mai hawa da sauka, da lambobi a gefe. Wanda ya iya karatun layin zai san ko ruwa ya yi wa mutum yawa a jiki ko ya yi masa kaɗan. Na'urar ta daɗe a lulluɓe da zanen gado domin babu mai karatun. Aka zaɓi Dakta ta je ta koyo, mako shida, in ta ci jarrabawa a ba ta takardar da za ta sa a yaye zanen. Tana shayarwa, mijinta ba zai iya barin aiki ba, sai aka ce ni. Ban yi gardama ba. Ubanta da kumburin ƙafa ya tafi, yana barci a zaune don numfashi. Daga Azare aka ce Bauchi, daga Bauchi aka ce Kano, bai kai Kano ba.

A filin jirgi wani mutumin ƙasarmu ya tare mu, Alhaji Sabo, wanda ya ce ya fi shekara ashirin a garin. Ta hannunsa aka yi duk takardun tafiyar.

"Hajiya, sannunku da hanya. Kun zo gida. A garin nan ni ne uwa ni ne uba."

Bakinsa yana gaishe ni, idonsa yana kan jakunkunanmu. Ya ce motar ƙarama ce, jaka ɗaya za ta biyo mu a wata motar, ya nuna ta abinci. A cikinta akwai daddawar da na yi da hannuna, da kuka, da yaji, da surfaffen gero na kunun mai shayarwa, da man shanun da wata ƙawata Bafulatana ta kawo mini tun daga Zadawa. Washegari ya hau ya same mu yana tafa hannu, wai 'yan sanda sun tare direban sun ƙwace jakar, ba a yarda a shigo da abu mai wari ba. Dakta ta ce Allah ya kyauta. Ni na dube shi kawai har ya sauke kai.

Ɗakin da ya sa mu a hawa na shida yake, lif ɗin gidan mai hawa da mutane sama ya mutu tun kafin mu zo. Sanyi ake yi irin wanda ke shiga ƙashi, ƙasan ɗakin kamar an zuba ruwa. Ya ce makarantar nan kusa ce. Mota biyu muka hau kafin mu kai.

A makarantar, Dakta Samira ta karɓi takardun ta duba, ta ɗago ta yi wa Dakta wata magana da Turanci. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ga kafaɗun 'yata sun sauka. Sai a mota ta gaya mini.

"Inna, wai makonni biyar na farko a kwamfuta ake yin su. Ko daga Azare zan iya. Makon ƙarshe kawai ake son mu a nan."

"To wa ya ce mu taho yanzu?"

"Alhaji Sabo. Shi ya ce dole a zo tun farko."

"Ɗakin da muke ciki na wane ne?"

Nasa ne.

Ba halin komawa. Ranar jirgin dawowa a rubuce take, kuma mutanen asibitin sun riga sun yi mata addu'ar tafiya har da rakiya tasha. Haka muka tsallake hamada da teku muka zo muka zauna a ɗaki muna kallon kwamfuta, abin da za mu iya yi a ƙarƙashin darbejiyar gidanmu.

Kullum bayan kari sai ta zauna a kan katifa ta buɗe kwamfutar. Ni ina bayanta da Ummi. Kwamfutar za ta nuna mata layi, ta zaɓi amsa, in ta dace a yi mata wata 'yar ƙararrawa, in ta kuskure a yi wani sauti kamar kukan kwaɗo. Makon farko kwaɗin sun fi yawa. Ni da ba ni da aikin yi sai ido, har na soma gane layukan. Robar tana ratsa ɗakunan zuciya ne ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗaki da irin zanensa. Na farko kamar ruwan tafki in iska ta shafe shi. Na biyu kamar haƙoran zarto. Na uku kamar tozon bijimi mai 'yar tsaga a bayansa. Na huɗu ya sake kwanciya. Wata rana ta tsaya tana tunani a kan wani, na ce, "Zarto ne." Ta danna, ƙararrawa ta buga. Ta juyo tana dariya.

"Inna, ke za a ba takardar nan."

"Ki kula da gabanki," na ce.

Akwai darasi na farko da ba ta son kallo. Wani tsoho ne mai tabarau, ba ya nuna layi ko ɗaya. Yana tsaye a bakin gado, ya yi alama a gefen ƙirjin mara lafiya, ƙasa da hammata. Sannan ya ɗauko doguwar sanda mai ɗigon ruwa a tsakiya, irin ta magina, ya ɗora bakinta ɗaya a kan alamar, ɗayan a kan wani ɗan abu kamar kwalin ashana da ke maƙale a jikin ƙarfen rataya ruwa. Sai ya yi ta ɗaga ɗan kwalin yana saukewa har ɗigon ya tsaya a tsakiya. Daga nan ya taka wani ƙarfe a ƙasan gadon, gadon ya ɗaga, lambobin suka hau da kansu ba tare da an taɓa mara lafiyar ba. Ya sauke, suka sauka. Yana yi yana maimaitawa, da murya mai sanyi.

"Wannan me yake yi?" na tambaye ta.

"Saita ma'auni ne. Dole ɗan abin nan ya yi daidai da zuciya. Nas ne ke yi kafin likita ya shigo, ba ya fitowa a tambayoyin."

Ta wuce shi. Amma Ummi ba ta yin barcin rana sai da muryar tsohon nan. Duk lokacin da Dakta ta shiga wanka ko ta sauka sayen gurasa, sai ta kunna mana shi. Na kalli tsohon nan har na san inda zai gyara tabarau. Kuma na san aikin tun kafin in san shi. Malam Buba yana da farin tiyo da yake cika da ruwa, ya riƙe baki ɗaya, abokin aikinsa ya riƙe ɗayan, su duba inda ruwan ya tsaya kafin a ɗora bulo. Na taɓa ganin ya rushe katangar da ta kai ƙirji a Giade saboda an fara ta ba a auna ba. Mai gidan yana ta faɗa, wai ai ga ta a miƙe. Malam ya ce a ido ne take a miƙe.

A mako na uku kewa ta kama ni sosai. Wake da gurasa, gurasa da wake. Ba mai ce maka ina kwana ka ji ta shige ka. In na leƙa taga ba ƙasa ba bishiya, sai shanya da hon ɗin motoci. Na riƙa tuna awakina, ko an ba su dusa, ko an bar ƙofar rumbu a buɗe. Nonon Dakta ya ragu saboda ba kunu, Ummi ta soma rigima. Wata rana ina hawan matakala da ita a baya, na tsaya a hawa na huɗu ina haki, ina ce mata, "Ke takwara, kin ƙara nauyi ko ni ce na ƙare?" Sai na ji murya daga wata ƙofa.

"Sannu, 'yar uwa. Mutan ina?"

Na ɗauka kunnena ne. Tsohuwa ce baƙa siririya cikin lulluɓi irin na Sudan. Ita ce Hajja Amna. Kakanta ya taso daga ƙasarmu a ƙafa zai je Makka, ya tsaya a Sudan ya yi noma, bai ƙarasa ba bai koma ba. Yaƙi ne ya koro ta nan. Hausarta irin ta kakata ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun ina budurwa. Ta ja ni ciki ta ba ni shayi, ta ƙulla mini busasshiyar kuɓewa da ɗan gero a leda. Ita ta koya mini zira kwando da igiya ta taga mai gurasa ya sa mini, in huta da matakala. Ranar da na dama kunun geron nan, Dakta ta sha kofi uku.

Alhaji Sabo a hawa na biyu yake zaune da iyalinsa. Wata Juma'a ina saukowa sai ƙamshi ya tsayar da ni. Kowace mace ta san daddawarta. Na ƙwanƙwasa, matarsa ta buɗe, ta gan ni, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Ki gaida Alhaji," na ce. "Ki ce masa ashe 'yan sandan Masar sun iya miyar kuka."

Na juya. Bayan la'asar na tarar da kwano a rufe a bakin ƙofarmu, tuwo da miya. Na ci. Tawa ce.

A makon ƙarshe su Dakta suka soma zuwa makarantar. Zuwa lokacin Dakta ba ta jin kukan kwaɗo ko sau ɗaya, layi na fitowa ta ba shi suna. Ɗakin koyon yana da taga ta gilashi da ke kallon baranda, nan nake zama a benci da Ummi don a shayar da ita. Kwana huɗu ina kallo. Kullum kafin su shiga Magdi ya riga ya ɗauki sandar magina ya saita komai. Su dai su shigo su dubi allon na'urar.

Ranar jarrabawa Hajja Amna ta rako mu. Ɗaya bayan ɗaya ake shiga. Kafin a kira Dakta, ta zauna a bencin da ke kallonmu tana shayar da Ummi, bayanta ga tagar, wayarta a hannu tana bitar layuka. An ja labule amma bai rufe duka ba. Ta wannan tsagar na ga Magdi ya saita ma'aunin tsaf, ɗigon ya tsaya a tsakiya. Sai Dakta Samira ta yi masa alama da kai. Ya taka gadon ya ɗaga shi kamar taƙi guda, bai taɓa ɗan kwalin ba. Ya jingine sandar a bayan ƙofa, ya gyara wa mutumin roba bargo. Ya ɗago muka haɗa ido, bai ko damu ba. Ba wanda ke sa tsohuwa mai zanen goyo a cikin masu ido.

Hajja Amna ta ga fuskata ta sake. Ta matso ta raɗa mini, "Mene?" Na gaya mata a kunne.

"To faɗa mata mana. Wa ke jin Hausa a nan?"

Na dubi 'yata. Ta rame, idonta ya faɗa. Na tuna matakalar nan, da sanyin, da zanen gadon da ke kan na'urar a Azare. Wallahi bakina ya buɗe. Kalma uku ce, ki duba gado. Sai na tuna da yadda Malam yake numfashi a zaune, ana tura gadonsa daga wannan ɗaki zuwa wancan, wannan ya ɗaga wancan ya sauke. Na rufe bakina.

"Ladi," in ji Hajja Amna, "'yarki ce fa."

"Na san wadda na haifa."

Aka kira ta. Ta miƙo mini Ummi ta shiga. Ina kallo ta tsagar labulen. Kai tsaye ta nufi allon, ko gefen gadon ba ta duba ba. Layukan suka fito, tafki, zarto, tozo, tana nunawa tana bayani ba gargada, Dakta Samira tana gyaɗa kai. Ɗaga gado ba ya sauya kamannin layi, lambobin kawai yake hawarwa. Ta dubi lambobin ta ga sun hau, ta ce ruwa ya yi masa yawa, a ba shi allurar da za ta janye ruwan. Daga baya ne ta gaya mini haka, amma tun a lokacin na gane, domin na ga Dakta Samira ta ajiye biro. Ta taka zuwa bayan ƙofa ta ɗauko sandar, ta miƙa mata. Dakta ta ɗora. Ɗigon ya gudu can ƙarshe. Da ta ɗaga ɗan kwalin ya yi daidai da ƙirji, lambobin suka zubo ƙasa. Mutumin a bushe yake, ruwa yake nema. Da mai rai ne, allurarta ce za ta ƙarasa shi.

Ta fito fuskarta kamar toka. Aka ce za a ba ta dama ɗaya bayan kwana takwas, daga ita babu wata. Jirginmu saura kwana goma.

Muka shiga mota. Sai Hajja Amna, don tausayi ba don sharri ba, ta dafa Dakta ta ce, "Yi haƙuri, ɗiyata. Ni ma na ce wa uwarki ta faɗa miki." Dakta ba ta ɗago ba. Sai da muka hau hawa shidan nan, ta rufe ƙofa, ta kwantar da Ummi, sannan ta juyo.

"Inna, kin gani?"

"Na gani."

"Ina zaune a gabanki. Da Hausa. Ba wanda zai ji."

"In kin koma Azare, wa zai zauna miki a bakin taga?"

"Ai da na ci na koma, sai in koya a hankali. Yanzu in na sake faɗuwa fa? Na'urar nan haka za ta zauna a rufe. Mutane za su yi ta mutuwa a hanyar Kano kamar Baba. Kin tuna da wannan?"

Na tuna.

Ta zauna a bakin katifa, muryarta ta yi ƙasa. "Tun ina ƙarama ko sunana ba kya faɗa. In na zo na ɗaya a aji, Goggo ke rungume ni, ke sai ki ce in ɗauko tsintsiya. Na ce kunyar 'yar fari ce, haka kowa ke yi. Yau na roƙi Allah a ce ba ki gani ba."

Ta juya ta fuskanci bango. Ba ta ci abinci ba, ni ma ban ci ba. Mutane suna ɗauka mai tsanani ba ya shakka. Ni har yau da nake ba da labarin nan ban tabbata na yi daidai ba. Na san dai abin da ya sa na yi. In ta sake faɗuwa, ni ce na ƙara wa zanen nan nauyi da hannuna, kuma duk wanda aka ɗauka zuwa Kano bai kai ba, da rabona a ciki.

Da na idar da sallar asuba na sauka hawa na huɗu. Na roƙi Hajja Amna farin tiyon da take ɗura ruwa a jarka da shi. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta dai riƙe hannuna ta ce in yafe mata bakinta. Na dawo na jera matasan kai biyu a kan katifata, na lulluɓa musu zanena, na ɗiga kwalli a gefe, inda ƙasan hammata zai kasance. Na ɗaure sandar goge ƙasa a jikin kujera, na ɗaure kwalin ashana a jikin sandar. Na cika tiyon da ruwa, na zuba ragowar shayi don a ga inda ya tsaya, na auna yadda Malam yake yi har suka yi daidai. Sannan na ninka bargona biyu na cusa a ƙarƙashin katifar. Na buɗe kwamfutar na ajiye a kan kujera, na danna inda na ga tana dannawa, layin zarto ya fito yana tafiya. Tiyon na rataye shi a bayan ƙofa.

Na je na tsaya a kanta. Na kira ta da sunan da ubanta ya raɗa mata, wanda bai taɓa fita daga bakina ba tun ranar suna. Ta buɗe ido ta kalle ni kamar ba ta san ni ba.

"Tashi," na ce. "Mara lafiyarki yana jira. Kuma ba zan gaya miki abin da na taɓa ba, yau ko gobe ko jibi."

Ta daɗe a kwance. Sannan ta tashi ta ɗaura ɗankwali, ta nufi kwamfutar, ta sunkuya za ta karanta. Ni na ɗauki Ummi na koma bakin taga. Hannunta ya kusa kai wa allon sai ta tsaya. Ta dubi katifar. Ta juya ta nufi bayan ƙofa.